Rubutu Zalla, Agogo Mai Gaskiya: Aikin da Muke Yi

Yawancin mutane suna da jerin ayyuka a waya ko a kwamfuta, layi bayan layi: a kira wane, a gama rahoto, a gyara shafi na uku. Matsalar ita ce zama a fara. Nan ƙaramin kamfaninmu ya kafa sana'arsa. Manhajarmu tana karanta rubutun yadda mai shi ya rubuta, ta tsinto ayyukan, ta yanka wa kowanne lokacinsa, agogo ya soma tafiya.

Tsarin lokacin ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Francesco Cirillo ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, sunansa Pomodoro: aikin minti 25, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a huta sosai. Gwanintarmu tana wajen fahimtar rubutun mutum. Wani zai rubuta "rahoto minti 40", wani "rahoto awa ɗaya da rabi", wani ya bi todo.txt, wato tsarin rubuta jerin ayyuka a fayil na rubutu zalla da Gina Trapani ta ƙirƙiro, ya sa harafin A a farkon layi don nuna aikin ya fi gaggawa. Idan awa ɗaya da rabi ce, manhajar ta raba ta zagaye uku da ragowar minti 15, ta jera hutu a tsakani. Kuma ba ma taɓa fayil ɗin mutum, sai ƙaramin x da muke sa wa a gaban aikin da ya kammala. Rubutunsa ne, gobe in ya ga dama ya buɗe shi a wata manhajar.

Maigidan da ya koya mini aikin nan yana da al'ada guda. Duk agogon da na haɗa, sai ya kunna shi, ya kashe fuskar wayar, ya kife ta a tebur, ya ci gaba da harkarsa. Idan lokaci ya cika ba ta yi ƙara ba, aiki bai yi ba. A hannunsa na gane cewa ba a dogara da ƙirga daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya. Tun Android 6.0 a 2015, waya tana kwantar da manhajoji don tattalin batir, idan manhaja ta kwanta kuwa ƙirgar na iya tsayawa. Don haka muke ajiye lokacin da aka fara, mu lissafa abin da ya rage, mu bar wa wayar kanta alhakin kaɗa ƙararrawa.

Wannan ne masu kwaikwayo ba sa yi, kuma yana ƙona mini rai. Su kwafi launi da maɓallai, su saki abu cikin gaggawa, mutum ya zauna aiki agogo ya tsaya a minti 12 bai sani ba. Daga baya ya zo wurinmu yana cewa ai duk irin manhajojin nan ɗaya ne, a rage masa kuɗi. Irin wannan mai saye, shawara ɗaya nake ba shi: ya kunna tamu da tasu tare, ya kife wayoyin biyu, ya jira minti 25.