Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Tura Ni Bompai Ni Kaɗai

A makon jiya na tsaya inda maigidana, wanda nake koyon gyaran tarho a wurinsa, ya kwanta da zazzaɓi, ga kuma kira ya zo daga wata masana'anta a Bompai cewa intakom ɗinsu, wato tarhon da ofisoshinsu ke kiran juna da shi, ya mutu. Daminar 1999 ce, wayar salula ta GSM ba ta zo ba tukuna, sai a 2001. Duk kamfanin da ke Kano a lokacin, cinikinsa yana rataye ne a kan layin NITEL mai lamba 064, da akwatin nan da ke raba layin zuwa ofisoshi, wanda ake kira PABX.

Maigida ya miƙo mini jakarsa daga kan tabarma. "Ɗan nan, je ka. Amma kada ka kuskura ka ce akwati ya lalace sai ka raba shi da wayoyin gini." Na ce, "To, Baba."

Na tarar da manaja a tsaye a bakin ƙofa, rai a ɓace. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ina ogan naka? Na ce, "Yallaɓai, ba shi da lafiya, ni ya aiko." An yi ruwa da tsawa daren jiya, da safe ɗakin mai gadi shiru, ofisoshi biyu kuma in ka ɗaga waya sai wani gurnani kamar ƙudan zuma. Har wani ya riga ya gaya masa sai dai a sayi sabon akwati.

Akwatin Panasonic ne, KX-TA308, mai ɗaukar layi 3 na waje da 8 na ciki. Na fara da layukan waje. Na ɗora mita, kowanne ya nuna kusan bolt 48, wato abin da ke zuwa daga waje lafiya lau. Hankalina ya ɗan kwanta.

Sai na yi abin da maigida ya ce. Na zare wayoyin gini gaba ɗaya, na ɗauko ƙaramar wayar gwaji daga jaka, na riƙa sa ta a ramukan akwatin ɗaya bayan ɗaya ina saurare. A rami mai lamba 101 ta yi kukanta tas, alamar layi na aiki, haka har 104. A 105 shiru, ko motsi babu. Na wuce 106 da 107, waɗanda ake kuka da gurnaninsu, sai na ji su garau. A nan ne na gane ba ciwo ɗaya nake jinya ba, biyu ne: ɗaya a cikin akwati, ɗaya a bango. Wallahi har yau ina tuna sanyin da na ji a ƙirjina.

Na gurnanin bai ba ni wuya ba. Na bi wayar da tocila har bayan sito, na sami mahaɗar da rufi ke yoyo a kanta, tagullar ta yi kore shar. Na yanke, na sake haɗawa a busasshen wuri.

105 ce ta ɗakin mai gadi. Na kashe wuta, na kwance murfin akwatin, kafin idona ya ga komai hancina ya ji ƙauri. Kusa da ramin akwai baƙin tabo a jikin katin lantarkin da ke cikin akwatin, bai fi ƙwayar gero biyu ba. Na fita na ɗaga kai, ga wayar mai gadi an ja ta a sama daga gini zuwa ƙofa, tana reto a fili. Ta nan tsawar ta shigo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wayar da ya kamata ta sauke irin wannan wuta cikin ƙasa: na tarar da ita a tsinke tana lilo, masu gyaran daɓe sun datse ta, ba wanda ya kula. Mutane suna kashe kuɗi a kan akwati, su raina wannan 'yar waya, alhali ita ce mai gadin gaskiya.

Ramin 108 ba kowa a kansa, sai na mayar da mai gadi can, na haɗa wayar ƙasa da sandarta. Na ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, a kira ƙofa." Ya danna. Daga nesa muka ji ta tana ƙara, tsohon mai gadi ya ɗaga yana sallama da ƙarfi.

Manaja bai ce na gode ba. Ya ce, "Gobe ka dawo, akwai reshenmu na Sharaɗa." Na hau acaɓa da jakar maigida a cinya, ina ta tunanin yadda zan gaya masa cewa ni aka ce in dawo, ba shi ba. Yadda muka kwashe da shi a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.