Yadda na sauya ƙwaƙwalwar injin tsohuwar Accord ɗina

Motata Honda Accord ce ƙirar 1995, irin ta Amurka, mai silinda huɗu. Ƙwaƙwalwar injinta, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa aikin injin, a ƙasa take, ƙarƙashin kafet ɗin gefen fasinja, daidai inda mutum ke miƙe ƙafa. Da damina na ratsa wani titi da ya cika, ruwa ya shigo ciki, kafet ya sha ya ƙoshi. Daga nan ta fara shan mai ba ƙaƙƙautawa, tana baƙin hayaƙi, daga baya ta daina tashi gaba ɗaya.

Mai wayarin ɗina bai yarda mu ruga kasuwa ba. "Alhaji, bari mu tambayi motar tukuna," in ji shi. Akwai wani ƙaramin soket shuɗi mai rami biyu a gefen fasinja. Idan aka haɗa ramukan da guntuwar waya aka murɗa makulli, fitilar gargaɗin inji za ta riƙa ƙiftawa, adadin ƙiftawar ne ke faɗin inda ciwon yake. Tamu ba ta ƙifta ba, ta tsaya a kunne cak, abin da ya sa muka fara zargin ƙwaƙwalwar. Duk da haka sai da ya duba fis, ya kankare wayar ƙasa da ke ɗaure jikin injin, ya gwada babban rile mai bai wa famfon mai wuta, don a irin waɗannan motoci dalmarsa na tsagewa da tsufa, a yi ta zargin ƙwaƙwalwa a banza. Sannan muka buɗe akwatin ƙwaƙwalwar. Tsatsa kore ta cinye layukan allon, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen kifi daga kafasitocin da suka zubar.

A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, wajen neman wata ƙwaƙwalwar, aikin ya ɗauki lokaci. Akwatunan duk kama ɗaya, lambar jikinsu ce kawai abin dogaro. Tana farawa da 37820, haruffan tsakiya kuma su ke raba su: P0A ta injin VTEC ce, wato mai tsarin Honda na sauya yadda bawul ke buɗewa, P0B ta wanda ba shi da shi, irin nawa. Ƙarshen lambar na bambanta otomatik da manuwal. Ta 1996 kuma wani sabon tsarin gano matsalar inji ce, mai suna OBD2, soket ɗinta ma ba zai shiga ba. Na tafi da tsohuwar a leda, kuma ban biya ba sai da muka yi sharaɗin mayarwa idan ba ta yi ba.

Ɗaurawar ba ta da wuya: cire kan batir, sifana lamba goma, a zare soket a hankali don robar ta tsufa. Motar ba ta da makulli mai tsaro irin na ƙirar 1998, saboda haka ba sai an saita komai da kwamfuta ba. Bugu ɗaya ta tashi. Muka bar ta a silo, ba fitila ba iyakwandishan, har fankar lagireto ta kunna, sannan ƙarar injin ta daidaita. Kafet ɗin kuwa a rana ya wuni kafin a mayar da shi.