Ranar da Bindiga Ta Ƙi Tashi a Gaban Ɓauna

A shekarata ta farko a sansanin farauta da ke kudu da Garwa, cikin yankunan da gwamnatin Kamaru ke bayarwa haya a kewayen gandun dajin Binuwai, aikina goge bindigogi ne. Daga Disamba zuwa Afrilu baƙi ke zuwa daga Faransa da Sifen da Amurka, kowa da doguwar akwatinsa. Yawancinsu yamusa ce ta kawo su, wato ƙatuwar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira da sunan Lord Derby, sai kuma ɓauna da gwanki. Kusan dukkansu bindiga mai sakata suke riƙewa, irin wadda za ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya ta tofar da kwanso, ka tura gaba ta ɗauko sabon harsashi.

A lokacin na ɗauka kula da bindiga shi ne a shafe ta da mai har ta riƙa sheƙi. Da haka na yi wa wani baƙo ɓarna. Kwana huɗu ina ɗura wa sakatarsa mai kowane dare, da rana kuma bindigar tana bayan mota cikin ƙurar hunturu. A rana ta biyar suka tarar da ɓauna a bakin wani rafi. Baƙon ya saita, ya ja kunama, sai aka ji ƙas, shiru. Allah Ya taimaka ɓaunan gudu ya yi, bai juyo kansu ba.

Da daddare Baba, tsohon mai bin sawu da ya fi kowa daɗewa a sansanin, ya kira ni gindin fitila. Bai yi mini faɗa ba. Ya mayar da makullin tsaro tsakiya, ya zare sakatar, ya murɗe bayanta da hannu, sai ga allurar da ke dukan harsashi ta fito da sifirin ɗinta. Mai da ƙura sun haɗu sun zama baƙin kunu mai danƙo. Ya dangwalo da yatsa ya shafa mini a tafin hannu.

"Ɗana, murza ka ji."

Na murza, na ji yashi.

"To, shi ya riƙe allurar. Garin neman gira ka kusa raba bawan Allah da ido."

Na ce, "Baba, ai tsatsa nake gudu."

Ya ce, "Da hunturu? Ina ka ga ruwan?"

Abin da ya tsaya mini a rai daren nan shi ne yadda ya buɗe sakatar ba sukuddireba ba filaya. Daga baya na gane ba kowace bindiga ke yarda da haka ba. Ƙirar Mauser ta 1898 an yi ta ne don soja ya iya kwance ta a filin daga, kuma Winchester Model 70, wadda ta fito a 1936, ta gaji wannan hali. Ita Remington 700 ta 1962 ba ta da laifi wajen saiti, amma kafin ka fito da allurarta sai ka nemi kwabo ko igiyar takalmi ka yi dabara. A shago wannan bambanci ba ya ko ɗaukar ido. A daji kuwa, inda mai gyaran bindiga mafi kusa yake tafiyar yini guda, ni shi nake fara dubawa. Haka ma kunama: ta tsohuwar Model 70 a buɗe take, ƙarfe ƙwaya kaɗan, datti na shiga yana fita. Waɗanda aka rufe cikin ɗan akwati, abin da ya shiga ya samu ɗaki.

Ina ganin na gama karatu, sai maigida ya tafi da ni kurmin kudu maso gabas, bayan Yokaduma, inda ake farautar bongo, wata babbar barewar kurmi mai jan jiki da fararen zane, da damina tare da mutanen Baka mazauna kurmin da karnukansu. Can duk abin da hunturu ya koya mini ya juye. Riga ba ta bushewa. Bindigar da aka goge da dare, da safe za ka ga ja-ja ya fara fito mata daidai inda gumin hannu ya taɓa.

Nan na ga aikin katako. Wani baƙo ya zo da bindiga mai jikin katako na alfarma, an yi mata zane kamar ƙwaryar amarya. Ranar da ya sauka ya gwada ta a kan kwali, harsashi uku wuri guda. Bayan mako guda na ruwa ya sake gwadawa, sai ga su sun hau sama da kusan tsawon yatsa. Maigida ya zaro takardar jaka guda, ya naɗa ta a ƙarƙashin bututun ya ja ta baya. Kamata ya yi ta wuce sumul, amma tun kafin rabi ta cije. Katakon ya sha danshi ya kumbura, yana tokarar bututun daga ƙasa. Jikin faiba ba ya yin haka, shi ma katakon da aka manna falle-falle da gam da sauƙi. Sai dai robar arha mai laushi tana da nata ciwon, lanƙwasa take yi idan ka ɗora ta a kan sandunan harbi. Ban daina son katako ba, ya fi daɗin riƙo nesa ba kusa ba, amma ba zan kai shi kurmi ba.

Batun farin ƙarfen da ake kira sitenles kuwa, masu sayarwa sun cika baki. Jinkirin tsatsa yake yi, ba ƙin ta ba. Kuma sau da yawa bututu da gidan sakata ne kaɗai sitenles, sifirin da ƙananan kusoshin ciki baƙin ƙarfe ne. Na taɓa cire jikin wata da waje take fes, ƙarƙashinta ya yi ja kamar tsohon kwanon rufi. Fentin Cerakote yana kare waje sosai, har ya rage ƙyallin da ke korar dabba, amma cikin bututu ba ruwansa, wannan sai tsumma da sanda kowane dare.

Girman harsashi ba mu cika musu a kai ba. Kusan kowa samfurin .375 H&H yake kawowa, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912. Kwansonsa ya tsuke a hankali zuwa baki, shi ya sa yake shiga ya fita salin-alin ko da zafin Maris. A kurmi dai ana yawan cire madubin saiti a koma na ƙarfe, tunda harbin bai cika wuce taku ashirin ba, ganye kuma na zubo wa gilashi ruwa.

Bara wani ƙanen abokina da ya samu lasisi ya turo mini hotunan bindigogi biyu, yana tambayar wadda ta fi jure ruwa. Na ce ya koma shagon ya roƙi mai kaya ya kwance sakatar kowacce a gabansa, ya kuma tafi da takardar kuɗi a aljihu. Na ƙara masa da ya sayi salatif na lantarki ya riƙa liƙe bakin bututun, don iskar da ke gaban harsashi ce ke yage shi, ba ya taɓa saiti. Ya yi dariya ya ce ai garinsu ba a ruwa sosai. Na ce ba don ruwa kaɗai ba ne. A sansaninmu na Binuwai an taɓa jingine bindiga kwana uku a rumfa, da na leƙa bututun ban ga haske ba, ashe zanzaro ya yi gini a ciki.