Kogin da ke cikin zane shi muke fara dubawa

Aikinmu tsabtace tsofaffin zane-zanen fentin mai ne da sanya musu firam, kuma babu wanda ya kai zanen gidan attajiri na bakin kogi buƙatar haƙuri. Irin wannan zane ya yi tashe a Ingila a ƙarni na 18, lokacin da masu filaye ke biyan gwanaye su zana musu dukiyarsu. Mai zane Canaletto ɗan Italiya ya isa Landan a 1746, kuma cikin ayyukansa akwai zanen fadar Warwick da ke bakin kogin Avon.

Mai zanen da ya san aikinsa ba ya cika ƙyallen da gini. Yakan ajiye gidan can tsakiya, ɗan ƙarami, ya bar makiyaya, shanu, jerin itatuwa da kwale-kwale su nuna arzikin mai gida. Amma ruwan ne ke fallasa gwaninta. Inuwar farin bango a cikin kogi takan ɗan fi bangon duhu, ta baƙar bishiya kuwa ta ɗan fi haske, kuma kowace tana sauka daidai ƙarƙashin abinta. Idan inuwar ta karkace ko ta yi kaifi fiye da kima, mai yiwuwa wani ne ya sake shafa fenti daga baya.

Shi ya sa ba ma taɓa zane sai mun haska shi sau biyu. Fitila daga gefe tana nuna tsagewa da inda fenti ya ɗago. Fitilar ultrabayolet kuma, mai hasken da ido ba ya gani, tana sa tsohon man sheƙin da aka shafe saman zanen da shi ya yi kore-kore, sabon faci ya fito baƙi.

Man sheƙin nan na ƙaro yana komawa rawaya da tsufa, sai shuɗin sama da na kogi su rikiɗe kore. Cire shi ne wurin haɗari, domin ruwan kogi da fenti siriri ake yinsa, shafi bisa shafi. Muna gwada sinadarin cire man da auduga a kan tsinke, a gefen da firam ke rufewa, wurin da bai wuce santimita 1 ba. Da zarar launi ya hau audugar, an tsaya. Ruwa da sabulu kuwa haramun ne a wannan aiki: suna ratsa tsagewar, ƙyallen ya tsuke, fenti ya ɓare.

Wajen firam, muna barin tazarar milimita 5 ko fiye tsakanin gilashi da fenti, mu rufe baya da kwali marar asid. Danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. Kada a rataye zanen inda rana ke bugawa, ko saman abin da ke fitar da zafi, don nan ne itacen da aka ɗame ƙyallen a kai yake lanƙwashewa.