Kakar da Detroit Pistons ta sha kashi sau 28 a jere

Duk wanda ya bi Detroit Pistons a gasar ƙwallon kwando ta NBA a kakar 2023-24 ya san yadda rashin nasara ke cin ran mai goyon baya. Wasannin Amurka sukan faɗo da tsakar dare a agogonmu, saboda haka nakan hana idona barci ina riƙe da waya cikin duhu, da sun shiga gaba sai in gyara zama, amma kafin a tashi sai su yi ta zubar da ƙwallo har su watse.

An doke su sau 28 a jere. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wasansu da Boston, inda suka ba da ratar maki 21, aka kamo su, aka kai ƙarin lokaci, sannan aka cinye su. Kwana biyu kafin nan ɗan wasansu Cade Cunningham ya zuba maki 41 a kan Brooklyn, duk a banza. Sai ranar 30 ga Disamba 2023 suka samu kansu, suka doke Toronto da ci 129 da 127.

A ganina yaran ba ragwaye ba ne, domin irin su Jalen Duren da Ausar Thompson shekarunsu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma ba a haɗa su da isassun gogaggu masu jefawa daga nesa ba. Sun ƙare da nasara 14 kacal, aka sallami koci Monty Williams, kuma a kakar da ta biyo baya sabon koci J.B. Bickerstaff ya kai su ga nasara 44.