Iskar Pincher Creek

Yau a hanyar Pincher Creek, kudancin lardin Alberta a Kanada, ina janye da rufaffiyar tirela mai baburan dusar ƙanƙara biyu, iska ta bugo mu daga gefe. Na duba madubi, sai ga tirela tana layi kamar mashayi. Ƙafata ta nufi birki, maƙwabcina ya daka min tsawa: "Kar ka taka! Saki totur, riƙe sitiyari!" Ya miƙa hannu ya danna birkin tirelar kaɗai, ta dawo saiti.

Da muka tsaya, ashe kaya sun zame baya, gaban tirelar ba nauyi, shi ya sa ta yi ta layi. Muka matso da su. Har yanzu hannuna na karkarwa, ga shi gobe ta nan za mu koma.