Kafin ka sayi tab, ji yadda ta kasance da ni

Ƙannena, musamman ku da kuke makaranta ko kuka fara aiki kwanan nan, akwai tambayar da ake yawan kawo mini: tab zan saya, ko laftof, ko kuwa in ƙara kuɗi in canja waya? Duk lokacin da na ji ta sai in tuna shekarata ta ƙarshe a jami'a, don a lokacin ne na amsa wa kaina ita, kuma na amsa ba daidai ba.

Na daɗe ina tara kuɗi. Abin da ya taru zai ishe ni ɗaya daga cikin biyu: laftof na hannu, mai ɗan nauyi, duk murfinsa ya ƙoƙƙoje, ko kuma sabuwar kwamfutar hannu, wadda muke kira tab, dal a kwali. Ido ne ya yi mini zaɓi. Na ɗaga tab ɗin na ji shi sakayau, fuskarsa tana sheƙi, na ce a raina ai wannan ma kwamfuta ce, duk abin da laftof zai yi shi ma zai yi. Ban tambayi kowa ba. Ban ma zauna na lissafa ayyukan da ke jirana a wannan shekarar ba, alhali na san aikin binciken kammala digiri yana tafe.

Makonnin farko komai lafiya lau. Na yi karatu, na kalli laccoci, na shiga intanet a kwance. Sai rubutu ya taso, shafi wajen 70. A nan na fara gane cewa rubutu a kan gilashi daban yake da rubutu a kan maɓallai. Da ka taɓa wurin rubutu sai kibod ya taso ya cinye kusan rabin fuskar, ka koma kana leƙen layi biyar ko shida. Yatsa ba ya jin inda harafi yake, dole ido ya riƙa raka shi, kuma idon da ke gadin yatsa ba ya ganin jimlar da ake ginawa. Sai na sayi kibod na Bluetooth. Kibod ya zo, tab ɗin ba ya tsayuwa da kansa, sai na sayi riga mai tokare shi. Daga nan sai ɗan mahaɗin da zan jona filash. Ranar da na zauna na haɗa lissafin duk waɗannan da kuɗin tab ɗin, sai na ga ya haura kuɗin laftof ɗin da na raina. Ga shi kuma kayan sun zama tarkace uku a jaka, biyu daga ciki kowanne da nasa caji.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Manhajar rubutun da ke kan tab ɗin sunanta ɗaya da ta kwamfuta, tambarinta ɗaya, amma an rage mata abubuwa da yawa. Tsara lambobin shafi yadda sashenmu yake so, jera abubuwan da ke ciki, daidaita teburan alƙaluma, duk sai da na sha wuya, wasu ma suka gagara. Da na kai babin nazarin bayanai, malamina ya ce in yi amfani da wata manhajar ƙididdiga, wadda ko kusa ba a yi ta don tab ba. Ƙarshenta sai na koma aron laftof ɗin abokin zamana, in jira sai ya yi barci in karɓa, in mayar kafin gari ya waye. Ya yi mini halacci, amma aro aro ne. Akwai daren da shi ma aikinsa ya matso, na kwana ina kallon tab ɗina a kan tebur, batirinsa cike, ba abin da zai iya yi mini.

Sai daga baya na fahimci dalili, kuma shi nake so ku riƙe. Asalin irin tab ɗin da muka sani a yau daga waya yake. iPad na farko, wanda ya fito a 2010 da fuska mai inci 9.7, da tsarin iPhone yake aiki. Tab ɗin Android ma haka, tsarin waya ne aka shimfiɗa a fuska mai faɗi. An gina wannan tsari ne don yatsa, don manhaja ɗaya a gabanka a lokaci guda, don kuma batir ya jima. Shi kansa Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ranar da ya gabatar da iPad, cewa ya yi na'ura ce ta uku da za ta zauna tsakanin waya da laftof. Bai ce ta zo ta kori ɗayansu ba. Sai a 2019 iPad ya samu tsarinsa na kansa, iPadOS, tare da damar karanta filash kai tsaye, cikakken aiki da linzamin kwamfuta kuwa sai a 2020. Tun daga nan an ci gaba sosai, har ana sa wa wasu tab irin injin da ke cikin laftof. Amma ƙarfin inji daban, manhajar da aka rubuta masa daban. Manhajoji da dama na ƙididdiga, da zanen injiniya, da rubuta shirye-shiryen kwamfuta, har yau cikakkunsu a Windows ko macOS ko Linux suke. Akwai masu siffar tab da ke ɗauke da cikakken Windows, irin su Surface Pro na Microsoft, to waɗannan a wurina laftof ne da ake iya cire wa kibod, kuma da wannan idon ya kamata a auna su.

Kuskurena bai tsaya a zaɓen tab ba, har da irin wanda na zaɓa. Na ɗauki mai araha, ram ɗinsa gigabayit 2. A lokacin ban san amfanin ram ba. Shi ne filin da na'ura take baje ayyukan da take yi a yanzu, kuma idan filin ya cika, tsarin waya da tab yakan kashe manhajar da ka bari a baya ba tare da ya tambaye ka ba. Wata rana ina cike fom ɗin neman tallafin karatu, na kusa kaiwa ƙarshe, sai na fita in duba wata lamba a takardar shaidata. Ina dawowa na tarar shafin ya sake buɗewa daga farko, komai ya goge. Sau biyu hakan ta faru a dare ɗaya. Ba a cika shekara biyu ba kuma aka daina aiko masa da sabuntawa, wasu manhajoji suka fara ƙin hawa. Da gaske ne, araha ba ta ado.

Da na fara aiki na sayi laftof, sai na jefa tab ɗin a durowa da haushi. Ya yi wata da watanni a can. Ranar da na tuna da shi don in ba wani yaro, ya ƙi tashi sam. Batirin litiyam ba ya son a bar shi ya ƙare ƙarƙaf a kuma ajiye shi haka, yakan iya mutuwa gaba ɗaya. In za a ajiye na'ura ta jima, a bar mata caji kamar rabi, a riƙa duba ta lokaci-lokaci. Batirin tab kuwa galibi a manne yake da gam a ƙarƙashin gilashi, canja shi aiki ne babba. Da na bayar da shi tun yana da rai, da wani ya amfana. Wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo.

Bayan haka sai na zarce ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce tab ɓarnar kuɗi ne, kada ya soma. Na hana mutane da dama, kuma yanzu na san cikinsu akwai waɗanda tab ne ya dace da su. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne wani aiki da ya sa dole in riƙa karanta dogayen rahotanni na PDF kullum. A waya, shafin yakan ƙanƙance, sai ka ja shi ka buɗa, ka tura hagu, ka tura dama, kafin ka kai ƙarshen layi ka manta farkonsa. A laftof kuma fuskar a kwance take alhali shafi a tsaye yake, ga zaman tebur na awa uku yana ɗaure wuya. Wata abokiyar aikina ta ara mini nata tab ɗin mai alƙalami na yini ɗaya. Na karanta shafi 90 a zama guda, ina ja wa muhimman wurare layi, ina rubutu a gefe da hannuna kamar a takarda. Fuskar tab mai inci 10 kusan rabin takardar A4 ce, kuma ta ninka ta waya mai inci 6.5 wajen sau uku, domin awon incin daga kusurwa zuwa kusurwa ake yin sa, ƙarin inci kaɗan fili ne mai yawa. Na sayi tab na biyu bayan wannan, kuma yau shekaru ke nan kusan kullum yana hannuna. Bambancin kawai, wannan karon na san aikin da na saye shi ya yi tun kafin in biya.

To, ga yadda nake ganin abin yanzu. In na'ura ɗaya kawai za ka iya mallaka, waya ce, babu gardama. Da ita ake kiranka, ta nan lambar sirrin banki take zuwa, ita ce kyamararka, kuma ita ce ke shiga aljihu. Wayoyin ma sun girma: iPhone na farko a 2007 inci 3.5 ne, yau wayoyi da yawa sun haura inci 6.5, saboda haka mafi yawan kallo da hirar da ake sayen tab dominsu a da, waya ta ɗauke su. In wayarka ta tsufa tana wahalar da kai, gyara wannan ya fi ƙaro wata na'urar. In kuma karatunka ko sana'arka akwai dogon rubutu, ko lissafi a tebur, ko buɗe takardu uku kana kwatantawa, to na biyu laftof ne, ko da na hannu ne. Duba dai lafiyar batirinsa, ka kuma nemi mai ma'adanar SSD, don tsohon faifai mai juyawa shi ne yake sa yawancin tsofaffin laftof nawa.

Tab yana zuwa ne na uku, sai fa ga wasu mutane da shi ne nasu na gaske: mai zane, wanda alƙalami a kan gilashi ya zame masa takarda da fenti, ɗalibin da karatunsa ya fi rubutunsa yawa nesa ba kusa ba, da kuma dattijon da idonsa ya yi rauni. Mahaifina bai taɓa sabawa da ƙananan haruffan waya ba, amma da na ƙara girman rubutu a tab ɗina na miƙa masa, sai ga shi yana karatu da kansa, yana ganin fuskokin jikokinsa sosai a kiran bidiyo. Wanda kuma littattafai zalla yake son karantawa, ya duba na'urorin karatu irin su Kindle, masu fuska kamar takarda, waɗanda cajinsu kan yi makonni, ko da yake ƙananansu ba su da daɗin PDF.

In ka tabbata tab ɗin kake so, kada ka sauka ƙasa da ram gigabayit 4, ma'adana kuma 64, don tsarin na'urar da kansa yana cin wani kaso tun kafin ka sa komai. Tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta shi. Tambayi ko yana ɗaukar layi ko wayifai kawai yake amfani da shi, kuma ka sani ko iPad mai ɗaukar layi ma don intanet ne, ba a kira da shi kamar waya. In don alƙalami za ka saya, gwada ka ɗora tafin hannunka a kan gilashin kana rubutu, ka ga ko tab ɗin zai ɗauki tafin a matsayin rubutu ya bar tabo a shafin. Sannan ka haɗa kuɗin kibod da alƙalami da riga tun a farko, wannan jimlar ita za ka kwatanta da kuɗin laftof.

Abu ɗaya da ban yi ba a wancan lokacin, wanda da ya tsare ni daga duk wannan, shi ne gwaji. Kwanakin baya ƙanwata, wadda ke karatun jinya, ta zo mini da wannan tambayar, ta riga ta ƙwallafa rai a kan tab. Ban ce mata a'a ba. Na ba ta nawa na kwana uku, na ce kada ta kalli fim ko ɗaya, ta yi aikin makarantar da ke gabanta da shi daga farko har ƙarshe. Ran na uku ta dawo da shi, ta ce karatun littafin sassan jiki da hotunansa ya yi mata daɗi ƙwarai, amma rahoton shafi 8 ya ci mata yini guda. Laftof ta saya. Tab ɗin kuma takan zo ta ara idan jarrabawa ta matso, ta dawo da shi bayan an gama.